Baƙar Waya

Wata bakwai ina sassaƙa fukafukai
a bayan shago, a Magazin,
in an ja ƙofa, Wofa Agyei ya gama ƙirga sifanoninsa.
Injin kuwa, daga mashin yankan ciyawa na ciro shi,
wanda aka yar a Tafo.

Ran Lahadi, a filin makarantar Asawase,
na murɗa farfela. Ya yi tari, ya kama.
Sai jela ta hau rawa ba a kaɗa mata ba,
fiffiken dama na makyarkyata kamar mai masassara,
alhali yatsana bai taɓa rimot ba.
Yara suka ce aljanu.
In na kashe, tsit. In na tayar, rawa ta dawo.

Kwana uku ina zargin batir.
Na zagi wanda ya sayar min da rediyo, a bayan idonsa.
Sai Mutawakilu, yaron da nake koya wa aiki,
wanda bara bai san fis daga fulogi ba,
ya taɓa hular fulogi, ya fizge hannu yana yarfewa:
"Masta, wutar nan ta ɓata hanyar gida."

Na duba. Ragar da ta lulluɓe wayar
ta zare, tana lilo, ba ta kai kan injin ba.
Tartsatsi ya fito, ya rasa makoma,
ya faɗa rediyo yana ba da umarnin ƙarya.

Na kankare tsatsa har ƙarfe ya yi fari,
na yanko baƙar waya, ba ta fi ɗan yatsa ba,
na ɗiga mata dalma,
na danne ta da noti har sai da tsintsiyar hannuna ta amsa.

Yaron ya ce, "Kuna kiran ta wayar ƙasa.
To, in ya tashi, ina ƙasar?"
Na buɗe baki, na rufe.
Can na ƙwanƙwasa jikin injin.
"Nan. Da abarsa yake tafiya."
Sai kakana ya faɗo min a rai,
da ya sauka Zango da buta da harshensa,
bai sake ganin Kazaure ba.

Lahadin da ta biyo ya tashi.
Ya kewaya bisa rufin Aboabo sau biyu,
ko gezau jela ba ta yi ba.
Wajen sauka ya karya taya ɗaya.
Wannan kam laifin hannuna ne.
Mutawakilu ya ɗauko shi a kafaɗa,
injin na ƙona masa wuya, ya ƙi saukewa.