Marafan Kwalba

Shekara goma sha ɗaya na rufe Babayo a ɗaki.
Ba da kwaɗo ba, ban kai can ba.
Da "zauna nan" na rufe shi,
da "kar ka fito, akwai baƙi."

Bolari ba ta rasa masana ciwon ɗan wani.
Wannan ta ce ɗan ruwa ne, a kai shi bakin Dadin Kowa.
Wancan ya ce jifa ne, ya karɓi baƙin bunsuru.
Muka yi ta hayaƙi har labule ya rine,
yaro dai bai ce Baba ba,
bai dubi ƙwayar idon kowa ba.
Yana tsugune yana jera marafan kwalba,
ja wajen ja, kore wajen kore,
in kaza ta ture guda
sai gidan duka ya ji a jikinsa.

Ran wata Laraba, ana yayyafi,
Keke Napep ya sauke wata mata, takalmi duk taɓo.
Malama Hajjo, daga cibiyar nan ta bayan asibiti,
ɗaki uku da inuwar darbejiya.
Na gyara murya zan karanto mata abin da ba ya iyawa,
don na haddace shi kamar bashin da nake bi.
Ta ce, "Alhaji, dakata. Me yake so?"

Ni mai wake a Tudun Hatsi,
mai raba ɗan Kumo da ɗan Dukku
da ƙwaya ɗaya a tafin hannu,
aka tambaye ni ɗan cikina, na yi zuru.

Ta tattare hijabi ta zauna a ƙasa,
ta ajiye shuɗin marfi a ƙarshen layinsa, ta janye hannu.
Ya dube shi. Ya ɗauke shi.
Ya buɗe masa sabon layi shi kaɗai.
Ta ce, "Ka ji? Ya ba ni amsa."

Ba a kwana ɗaya kunu ya huce ba.
Wata bakwai kafin ya yarda da ƙofar aji,
shekara kafin ya nuna hoton kofi in ƙishi ya kama shi.
Mu ma iyaye aka ba mu benci.
Can na ga Malam Tukur direban tifa yana share ido da hula,
can Maman Lidiya ta Tunfure
ta koya wa uwarsa yadda ake yanke farce ba a yi kokawa ba.
Ashe ba gidana kaɗai ke da ɗakin ɓoyo ba.

Yau shekararsa sha tara. Tare muke fita kasuwa.
Kowane buhu ya hau mota
sai marfi ɗaya ya faɗa gwangwanin madara.
Ran nan ɗan kamasho ya rantse ɗari da ashirin ne.
Babayo ya zazzage gwangwani a kan tabarma,
ya jera, ya tsaya a kai, ya ƙi gusawa.
Aka hau mota aka sake ƙirga.
Biyu sun yi ƙafa.
Tun ranar 'yan dako suke ce masa Akawu,
suna kuma rage murya in sun zo ta gabansa.

Ba na ce an gama ba.
In tirela ta danna ham, yakan toshe kunne ya durƙushe,
har yanzu akwai mai janye ɗansa in mun shiga sahu.
Da dare nakan ƙirga furfurata, in ƙirga shekarunsa,
lissafin ya ƙi fita.
Wa zai san ba ya cin tuwo in miya ta taɓa gefe?
Ƙanwarsa Dija ta ce ta sani.
Malama Hajjo ta ce a rubuta a littafi.

Jiya da magariba ina alwala
ya zo ya ajiye marfi ɗaya a kan gwiwata, ya wuce.
Shuɗi ne.
Ban san a wane layi ya sa ni ba,
amma dai ya ƙirga da ni.