Ɗigo Biyu

Wani direban auduga, Hamajoda,
ya bar na'urar wasa a rumfata ta gyaran waya,
ya ce sai Laraba.
Yau Laraba goma sha ɗaya ke nan.

Na canja mata makunni, ta buɗe ido,
sai ga rubutu kamar kaji sun yi tono a kan gilashi.
Bakari mai caji ya leƙo, ya ce, "Na Japan ne,
irin wanda ke jikin injin tsofaffin motoci."

Da dare, in Garwa ta ƙi hucewa,
in tabarma ta yi kamar an ɗauko ta daga tanda,
nakan fito da ita tsakar gida.
A ciki ni ne wani yaro mai jar hula
a ƙauyen da ƙanƙara ta rufe.
Yana rawar ɗari, ina sharce gumi,
babban yatsa ɗaya ke tuƙa mu duka.

Harafi arba'in da shida na kwafe
a bayan littafin masu cin bashi.
Ƙarƙashin "Sali, sefa ɗari biyar"
akwai mizu, wato ruwa.
Ƙarƙashin "Malam Garga, bai biya ba"
akwai neko, kyanwa.

Ranar farko maƙeri ya miƙo mini takobi kyauta.
Na ga iie a allon,
na ce ai wannan "i" ɗinmu ce ta ƙara wutsiya.
Na danna. Ashe a'a ce.
Ya mayar da kayansa kube,
na shiga daji da sanda,
kwaɗo ya kashe ni sau tara.

Sai tsohon nan na bakin gada.
Ya tare hanya, kullum kalma ɗaya yake nanatawa.
Na duba ƙamus a gurguje, na rubuta: kagi, mabuɗi.
Mako uku ina neman mabuɗi.
Na fasa tukwanen mutane,
na sauka rijiya, na ɗaga katifar liman,
ko kuwa wane ne mai gemun nan.
In dawo hannu rabbana, tsoho ya sake faɗin abinsa.

Inna Tasalla tana ɓarar gyaɗa a gefena.
Ita waya, in ba amsawa ba, ba ruwanta.
Ta ajiye faifai, ta gyara tabarau,
ta dubi littafina, ta dubi gilashin,
ta sake duban littafina.
"Kai, ba ɗaya ba ne.
Naka na da ɗigo biyu a kafaɗa,
na tsohon kuwa tsirara yake.
Mu da muka riƙe allo mun san wannan:
sin dabam, shin mai ruwa dabam.
Ka zuba wa harafin mutane ruwan da bai roƙa ba."
Ta koma kan gyaɗarta.

Kaki, ba kagi ba.
Ɗan itace ne, ɗan'uwan kanya.
Bishiyar tana nan bayan tsohon tun ranar farko,
ta yi jawur, na wuce ta ya fi sau ɗari
ina leƙen ƙarƙashin duwatsu.
Ashe yunwa bawan Allah yake ji.

Na tsinko, na ba shi.
Ya sunkuyar da kai, ya ce arigato,
wannan kam ban buɗe littafi ba,
ta shigo kunnena da ƙafarta.
Na taka gadar, taku huɗu,
batir ya mutu.

Yanzu duk motar audugar da ta hau gadar Binuwai
sai gabana ya faɗi.
In Hamajoda ya zo ya ce in ba shi kayansa,
zan kawo masa kujera, in saya masa shayi,
in dube shi da ladabi irin na mutanen can,
in ce iie.
Kafin ya gane, na ƙetare.