Yatsa Biyu

Bayan la'asar, in ranar Tawa ta sassauta,
nakan ɗora moto bisa ƙafa biyu
a gindin bedin ƙofar gida,
tayar baya ta tashi tana lilo
kamar wanda aka yafe wa bashi.

Tun asuba take ƙarƙashina,
Tabalak zuwa, Tabalak dawowa,
da kwandon kifi, da ƙanƙara mai zubar hawaye.
Ga sarƙar nan ta yi baƙi ƙirin,
ta sha rairayi, ta sha ƙarni,
tana ƙas-ƙas kamar tsohuwa da aya a baki.

Tsahara, kawo gwangwanin tumatir.
Kananzir na dala ashirin,
tsohon burushin haƙorin uwarki
da gashinsa ya baje kamar gemun bunsuru,
da hannun rigar nan da ɓera ya gama da ita.

Ke juya taya, sannu, da hannu.
Inji a kashe yake, a kashe zai kwana.
Nomau, da ya koya mini a garejin bakin tasha,
sau ɗaya tak ya yi gaggawa:
ya bar inji na ci, ya kai tsumma,
haƙora suka karɓi tsumma, suka haɗa da yatsa biyu.
Masu shayi sun ce bai yi kuka ba,
ya dai dubi hannun ya ce:
to, ta karɓi kuɗin makaranta.

Ina gogewa, dauɗa na ɗiga,
baƙin ruwa na zana taswira a ƙasa.
Ga yashin Kalfu, ga jar ƙasar kwana,
ga laka daga inda na faɗi ranar Talata
ban faɗa wa kowa ba.
Gaɓa bayan gaɓa tana buɗe ido,
ƙarfe ya tuna shi fari ne.

A bar ta ta sha iska tukun.
Mai ba ya zama inda jiƙa take.

Sai ɗigo.
Ba kwarara ba, ɗigo,
ta ciki, inda gaɓa ke gogar haƙori,
kamar yadda ake sa wa jinjiri magani a ido.
In ka cika mata mai, ka yi wa rairayi shimfiɗa,
gobe ya zo da danginsa
su ci ta da rai.
Tsahara na ƙirga da ƙarfi,
ta ɓace a sittin da bakwai, ta koma farko,
na ƙyale ta. Mahaɗin da na shafa wa alli
zai dawo ya gaya mana mun zagaya.

Saura sako-sako.
In ta yi tauri, ta tsinke a dajin da ba kowa,
in ta saki, ta zame a gaban mutane.
Nomau kan ce: yatsa biyu, kada ta wuce.
Sai ya ɗaga hannun ya nuna
da gurbin waɗanda babu.
Shekara huɗu ke nan da muka kai shi,
har yau in na danna sarƙa
da nawa nake aunawa, da nasa nake gani.

Juya kuma.
Kin ji?
Ba ki ji komai ba, ko?
Shi ne muke nema.

Uwarta na kira daga ciki, tuwo zai huce,
wa ya ɗauki burushina?
Muka dubi juna, ni da ɗiyata,
hannuwa baƙi har wuyan hannu,
ta dangwala mini ɗaya a goshi ta ruga.

Na bar shi nan, ban goge ba.
Gobe kafin kiran farko
masunta za su ga haske na tahowa
ba su ji tahowarsa ba.