Kwali na Goma Sha Bakwai

Ɗakin ajiyar takardu a Yaba,
hawa na biyu, fanka na lilo.
Ma'aikaciya ta dire mini kwali,
ta ce, "Ga kakanki. Fara wanke hannu."

Ashe mutum yana shiga kwali.
Injiniya Barau Ladan, dogon nan
da ke sunkuyawa a kowace ƙofa,
yau igiyar rama ce ta ɗaure shi,
gara ta cinye masa shekara uku.

Ga zanen waya da jar tawada
daga Ijora har Ebute Meta,
kowane turke da lambarsa,
kamar mai garke ya san na ɗaure.
Ga wasiƙar Bature, gajeriya:
ba a ba baƙar fata makullin inji.
A gefenta, da fensir,
ajami ƙanana kamar jerin tururuwa:
"Wuta ba ta tambayar launin hannu."

Ga rasit na kifi, sule biyu.
Ga sunan Akanbi, yaron aikinsa,
wanda waya ta riƙe da damina
a kan turke na arba'in da ɗaya.
Shafi biyar bayan wannan
ba komai sai lissafi guda,
an yi, an soke,
an sake yi, takarda ta huje.

Mu a Agege shirunsa muka sani.
Yana bin ɗakuna yana kashe ƙwai,
muna dariya, muna cewa rowa ce.
Bai taɓa ambata mana Akanbi ba.
Bai ba mu labarin daren nan ba
da wani lungu a Mushin
ya waye tun kafin asuba,
tsofaffi suka fito da ɗaurin ƙirji
suna sa wa fitilar titi albarka.

Ina kan wannan aka ɗauke wuta.
Janareto suka fara tari a maƙwabta.
Ma'aikaciya ta ja tsaki, ta nemi jakarta.
Na kunna fitilar wayata,
na haska abin da ya rubuta ƙarshe,
hannun yana rawa:
"Gobe a duba na arba'in da biyu."

Na mayar da igiyar,
ƙullin nawa bai kai nasa ba.
A motar haya, gada ta cushe,
lagon baƙi wuluk a ƙarƙashinmu,
kwandasta na ta ihun canji,
ni kuwa goshina a gilashi
ina ƙirga turaku,
na kai arba'in na kasa wucewa.