Mai Wankin Riguna

A Wendell, can tsakiyar Nebraska,
inda masara ke zuwa bakin titi ta tsaya,
na je karatun ƙasa da taki
a shekarar saba'in da shida.
Kuɗin gida suka maƙale a hanya,
sai na karɓi wankin rigunan 'yan ƙwallon kwaleji,
dala biyu a awa, da ragowar abincin dare.

Ƙwallon ƙafa suke ce mata.
Na zuba ido ban ga aikin ƙafa ba:
wani ƙato ya rungumi abu kamar gwanda
yana gudun wanda ya saci kaza,
sha ɗaya na bin sa.
Ranar farko na yi dariya.
Ban ƙara ba.

Shekara ashirin ana lallasa su,
har gari ya saba, yadda ake sabawa da ciwon baya.
A bazarar nan aka rufe masana'antar sukari,
maza ɗari uku suka koma zaman baranda.
Asabar kaɗai ta rage musu.

Koci Dombrowski ba ya ihu, tari yake yi.
In ya yi tari biyu, Delbert ya jefa.
In ya yi shiru, a miƙa wa Otis Fairley,
lamba talatin da huɗu,
ɗan da uwarsa ke sayen tikiti ta zauna a mota
don ba ta iya kallon ana danne shi.

Ni a ɗakin wanki nake karanta wasa.
Koren ciyawa a ƙirji: gaba aka faɗi.
Laka a gadon baya: an mai da mu.
Wannan kaka duk ƙirji ne,
sabulu ya ƙare sau uku kafin Nuwamba.
Ɗaya, biyu, biyar.
Mai aski ya fara rubuta ƙidayar a gilashinsa.
A ta bakwai limamin coci ya taƙaita huɗuba.
A ta tara wani tsoho da bai taɓa gaishe ni ba
ya kama hannuna da hannu biyu,
ya kira ni Barrow. Barau nake, amma na amsa.

Ta goma ta zo da ƙanƙara.
Maki huɗu tsakaninmu, daƙiƙa shida a agogo,
koci ya yi shiru.
Otis ya sunkuya ya shiga cikin mutane
kamar garma a ƙasar da ba ta sha ruwa ba,
ya ja biyu, ya ja uku,
ya faɗi.
Alƙali ya duba layi, ya girgiza kai.

Ba wanda ya tafi gida.
Suka sauko ɗaya bayan ɗaya
suna auna gurbin da takalmansu.
Takalmi ɗaya da rabi, in ji mai aski.
Har uwar Otis ta fito daga mota
ta tsaya a kan wurin, ba ta auna ba.

Da dare ya miƙo mini rigar,
ya ce kada in wanke.
Na wanke.
Aikina ke nan, kuma yaro ne ni,
ban san akwai dauɗar da ake ajiyewa ba.

Bana na koma da sanda da furfura.
Filin ya zama wurin ajiye motoci.
Otis ya rasu, Delbert ba ya gane kowa.
A zauren kwaleji akwai hoto cikin gilashi,
an rubuta tara da ɗaya a ƙasa.
Can gefe, inda aka yanke hoton,
ga gwiwar hannu da bakin kwando.
Yarinyar da ke gadi ta tambaya ko na san wani a ciki.
Na ce na san ƙirjin kowa.

Na fita, na nemi wurin tsakanin motoci biyu,
na sa takalmina a kwalta.
Ɗaya.
Da rabi.