Dawowar Ruwa

A ɗakin gwaji, hawa na biyu,
inda fanka ke juyi kamar mai ciwon wuya,
muna rataye zukata biyu a ruwan gishiri mai ɗumi:
ta ɓera ɗan wata uku,
da ta tsohon da gashin bakinsa ya yi fari.

Mukan toshe musu hanya rabin awa.
Ramlatu ta riƙe agogo, ni na riƙe numfashi.
Kafin mu buɗe sai mu ɗiga musu amino,
ƙwayar ginin nan da jiki ke tsinta
a wake, a ƙwai, a kifin Ajiwa.

Ta yaron, jijiyoyinta sai su saki jiki,
su wage baki kamar 'yan tsaki,
bugu ya dawo daram.
Ta tsohon ta sha abin da 'yar'uwarta ta sha,
awo ɗaya, babu son kai,
amma ƙofofinta rabi suka buɗe,
kamar gidan da ake bin maigidan bashi.

Sau goma sha ɗaya muka maimaita.
Na cika takarda da lambobi,
na rasa wanda zan yi wa fushi.

Da la'asar na hau Keke zuwa Ƙofar Marusa.
Baba Sada na cikin lambu, ƙafa a taɓo.
Bara war haka jini ya daskare masa a ƙirji,
allura ta narkar da gudan, aka sallamo shi.
Tun daga nan, tsakanin kwamin latas da na albasa
sai ya tsaya, ya jingina da fartanya,
ya yi kamar yana duban hadari
a watan da babu hadari.

Na kawo masa faten wake a kwanon sha.
Ya ce, "Har yanzu kina yi mini ɗura?"
Na ba shi labarin ɓerayena.
Bai yi dariya ba.

Ya ce, "Zo ki gani.
Wannan magudanar bana na ja ta,
ko kwana uku ta yi a bushe,
sako mata ruwa, za ta kai shi inda aka aike ta.
Waccan kuwa da kakanki muka haƙa.
Ƙishi ba ya kashe ta.
Ranar da ruwa ya dawo da gudu,
ranar take zubewa,
don duk ta tsattsage ta ciki, ido bai gani."

Na ce, "To, taki fa? Laka fa?"
Ya ce, "Ana sa mata. Tana ci kaɗan.
Tsoho ba ya ƙin abinci don raini,
cikin ne ya manta hanya."

Sai ya sa diddige a bakin datsi,
ya ɗan kauda ƙasa faɗin yatsa biyu,
ya mayar, ya jira,
ya sake kaudawa.
Ruwan ya shiga da sallama,
tsohuwar magudana ta yi duhu a hankali,
ba ta zube ba.

Ana kiran magariba na kira Ramlatu.
Na ce gobe kada ta buɗe famfon gaba ɗaya.
Ta ce, "A wace takarda kika gani?"
Na dubi Baba yana wanke ƙafa,
hannu ɗaya dafe da ƙirji,
ya bar rabin faten a kwano.