Basilla da Waya

Shekara arba'in ina zaune a nan,
bakin Ƙofar Rini, ƙafa a lanƙwashe,
jar fatar akuya a kan cinyata,
basilla a dama, zare a haƙori.
Mai son aikina sai ya tako da ƙafarsa.

Sai Sadiƙu, autana, ya zo da waya,
ya jera titimi uku a jikin bango,
ya ce, "Baba, matsa, kana tare haske."
Ya ɗauka, ya watsa a Fesbuk.
Na ce yaron nan ya raina sana'a.

Kafin Juma'a wata mata a Fatakwal,
ban san fuskarta ba, ba ta san tawa ba,
ta ce a ɗinka mata goma sha biyu.
Kuɗi suka shigo ina alwalar la'asar.
Na yi shiru. Na ƙara wa Sadiƙu tsoka a miya.

Ran da Hajo ƙanwata ta kwanta asibiti,
aka nemi jini, irin nata mai wuyar samu,
layi biyu yaron ya rubuta.
Kafin magariba samari bakwai sun zo,
har da wani Bayarabe mai gyaran fanka,
ya miƙa hannu, ya tafi, bai bar suna ba.

To, amma.

Wayar nan ce ta kashe Ummaru Dogo
yana zaune yana shan fura a Mabera.
Hotonsa, da "Allah ya jiƙan rai",
mutum ɗari uku suka ce amin.
Ɗiyarsa ta taso daga Illela tana kuka,
ta iske shi a tabarma yana yanke farce.
Wanda ya fara rubutawa har yau ba a san shi ba.

Wani ya ari fuskata, ya ari hotunan aikina,
ya karɓi kuɗin mutane da sunan Sahabi Baduku.
Ni aka zaga, har uwata da ke kabari.
Na riƙe wayar jikina na ɓari,
ba wuyan rigar da zan kama,
ba mai unguwar da zan kai wa ƙara.

Da dare mu shida a bakin akushi,
kowa da ɗan shuɗin haske a goshi.
Na yi tari, ba wanda ya ce sannu.
Zan yi faɗa, sai na tuna jiya
ni ma har ɗayan dare ina kallon
wani tsoho a ƙasar Sin yana ɗinka takalmi.
Asuba ta wuce ni, liman ya tambayi lafiya.

Yanzu cikin jakar aiki nake ajiye ta,
kusa da basilla da 'yar wuƙar fira.
Basillar nan ta ciyar da ni,
ta aurar da 'ya'ya huɗu,
ga kuma tabonta a babban yatsana.

Wayar ta yi ƙara ɗazu. Ban duba ba.
Bari in kai ƙarshen ɗinkin nan tukuna.